Ido Kafin Kwamfuta: Sharhi Kan Karatun Tushe na Ɗaliban Zane

Duk shekarar da sababbin ɗalibai suka shiga sashen zane-zane, a jami'a ne ko a kwalejin fasaha ko a kwalejin horar da malamai, ƙorafi ɗaya ne yake fara tashi. Yaro ya zo da burin ya iya haɗa fosta da tambarin kamfani a kwamfuta, sai malam ya ce ya ɗauko fensir da farar takarda, ya jera masa tulu da ƙwarya da tsohuwar fitila a kan tebur, ya ce ya zana. Mako ya bi mako ana jan layi, ana dama fenti, ana yanka kwali. A gida kuma mahaifi yana tambaya: ina amfanin kashe kuɗin makaranta shekara biyu a kan wannan, alhali ɗan maƙwabci wata uku kawai ya yi a shagon buga takardu, ga shi yana haɗa katin biki yana samun na kansa?

Tambayar tana da nauyi, bai kamata masu koyarwa su yi biris da ita ba. A ganina wannan zango na farko shi ne mafi daraja a duk karatun mai zane, domin a cikinsa ne ido yake koyon gani, hannu yake koyon bin ido, tunani kuma yake koyon raba abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Sai dai darajar tasa tana da sharaɗi biyu: a koyar da shi da gaske, a kuma gina shi da abin da ɗalibi yake gani a garinsu.

Inda tsarin ya samo asali

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, manyan makarantun zane na Turai, irin ta birnin Paris, hanya ɗaya suke bi. Ɗalibi zai fara da kwaikwayon zanen magabata, ya wuce zuwa zana mutum-mutumin Girkawa da Rumawa, sai ya daɗe kafin a yarda ya zana mutum mai rai. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya kamo salon da manya suka riga suka amince da shi. Masassaƙa da masaƙa da masu ɗab'i kuwa suna can gefe, ba a ɗauke su sa'o'in mai zanen fenti ba.

A 1919 wani masanin tsara gine-gine, Walter Gropius, ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus, da niyyar haɗa mai zane da mai sana'ar hannu a inuwa ɗaya. Babban abin da makarantar ta bar wa duniya shi ne kwas na share fage, wanda a farko wata shida ake yi, kuma dole kowane ɗalibi ya bi ta cikinsa kafin ya shiga ɗakin saƙa ko na ƙarfe ko na katako. Johannes Itten, wanda ya tsara kwas ɗin, yakan buɗe darasi da motsa jiki da jan numfashi, sannan ya sa ɗalibai su tattaro itace da gilashi da ulu da ƙarfe, su taɓa, su kwatanta mai santsi da mai kaushi, mai nauyi da marar nauyi, mai haske da mai duhu. Da ya bar makarantar a 1923, László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓi aikin. Ɗaliban Albers sun ba da labarin yadda ya shigo aji da tarin jaridu, ya ce kowa ya yi wani abu da su, in da hali ba tare da almakashi ko gam ba. Waɗanda suka haɗa jirgin ruwa da gidan sarauta ba su burge shi ba. Wanda ya yaba wa shi ne wanda ya ninke takardar har ta tsaya da kanta, domin shi ne ya gane halin takarda.

Gwamnatin Nazi ta matsa wa makarantar lamba har ta rufe a 1933, malamanta suka watsu, tsarin ya bi su. Moholy-Nagy ya buɗe sabuwar Bauhaus a Chicago a 1937. Albers ya koyar a kwalejin Black Mountain, daga 1950 kuma a jami'ar Yale, inda ya fitar da shahararren littafinsa kan cuɗanyar launuka a 1963. A Ingila, Victor Pasmore da Richard Hamilton da Harry Thubron sun gina irin wannan koyarwa a shekarun 1950, rahoton Coldstream na 1960 kuma ya share hanyar da shekarar share fage ta zama ƙofar shiga karatun zane a ƙasar. Tsarin da muke bi a Najeriya, inda ɗalibi ke yin zane na gama-gari a shekarun farko kafin ya zaɓi fenti ko sassaƙa ko yadi ko tukwane ko girafik, daga wannan zuriya ya fito.

Abin da ake koyarwa a ɗakin zane

Wanda ya yi makarantar allo ya san ba a fara yaro da hadda. Sai ya iya babbaƙu, ya iya farfaru, ya iya haɗa baƙi, kafin ya ja sura. Zane ma yana da nasa baƙaƙen: ɗigo, layi, siffa, launi, haske da duhu, kaushi da santsi, da filin da aka bari babu komai.

Darasi na farko shi ne zana abin da ke gabanka. Matsalar sabon ɗalibi ba rawar hannu ba ce kamar yadda yake zato. Matsalarsa ita ce yana zana abin da ya sani, ya bar abin da yake gani. Ya san bakin tulu da'ira ne, sai ya zana da'ira, alhali daga inda yake zaune bakin ya matse ya yi tsawo ta gefe. Shi ya sa malam yake sa shi ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon tulun da faɗinsa. Wata rana a ce ya bar kujera, ya zana filin da ke tsakanin ƙafafunta, sai ya ga kujerar ta fito da kanta. Daga nan a shiga ƙa'idar nisa, wadda Leon Battista Alberti ya rubuta a Italiya a 1435: abu yana ƙanƙancewa gwargwadon nisansa, gefunan titi kuma suna tafiya su haɗu a wuri ɗaya.

Na biyu shi ne tsari, wato yadda ake zaunar da abubuwa a kan shafi. A nan ake koyon daidaito da maimaici da bambanci da fifiko. Akwai aikin da malamai da yawa suke bayarwa: baƙaƙen murabba'ai huɗu a kan farar takarda, a ce ɗalibi ya nuna cunkoso da su, sannan natsuwa, sannan fargaba, ba tare da ya ƙara komai ba. Wanda ya yi wannan da kyau ya riga ya gane dalilin da ya sa wata fosta take kama ido daga nesa, wata kuma a wuce ta ba a san tana nan ba.

Na uku launi. Kowane launi yana da jinsinsa, da haskensa ko duhunsa, da kaifinsa ko dusashewarsa. Aikin da Albers ya fi shahara da shi shi ne a yanko guntu biyu daga takarda ɗaya, a ɗora ɗaya a kan fili mai duhu, ɗaya a kan mai haske, sai ido ya rantse launi biyu ne. Launi ba ya tsayawa shi kaɗai, maƙwabcinsa yana sauya shi. A nan ne kuma ɗalibi yake gane cewa fuskar waya da ta kwamfuta haske suke haɗawa, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake haɗawa. Wannan ne ya sa launin da ya yi ƙyalli a waya yakan fito a dushe a kan bana, mai aiki ya ce an cuce shi, mai zane kuma ya rasa amsa.

Na huɗu aiki da abu mai jiki: yumɓu, waya, kwali, katako. Mai son girafik yakan ga wannan bai shafe shi ba, har ranar da aka kawo masa aikin kwalin sabulu ko ledar garin kunu, inda zane zai zagaye abu mai gefe da baya da murfi.

Na biyar haruffa, kuma shi ne zuciyar aikin girafik. Kafin a bar ɗalibi ya zaɓi salon rubutu a kwamfuta, sai ya zana baƙaƙe da hannu, ya lura da tazarar da ke tsakanin baƙi da baƙi, da tsakanin layi da layi, ya san abin da ya kamata mai karatu ya fara gani da abin da zai biyo baya. Dubi katunan gayyata da fostocin siyasa da ke yawo a garuruwanmu. Sau da yawa salon rubutu biyar ne a shafi ɗaya, kowane layi yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa girma, har ranar taro da wurin taro su ɓace a cikin ado.

Abin da ya ɗaure duk waɗannan shi ne zaman gyara. A manna aikin kowa a bango, malam da ɗalibai su tsaya a kansa, mai aiki ya faɗi abin da ya nufa, sauran su faɗi abin da suka gani. Yana da ɗaci a farko, musamman ga wanda ya taso da kunyar yi wa sa'ansa gyara a gaban jama'a. Amma a nan ne ɗalibi yake koyon raba kansa da aikinsa, da kare ra'ayinsa da hujja, da komawa ya sake abu sau uku ba tare da ya karaya ba.

Darasin Zariya

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda wannan muhawara ta taɓa mu. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da reshenta na Zariya ya zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, amma ba su ce a daina koyon fensir da launi da ƙa'idar nisa ba. Abin da suka ce shi ne a haɗa wannan horo da gadon gida, kowa ya koma ya binciki fasahar mutanensa. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, daga baya ya gina koyarwar sashen zane na Jami'ar Najeriya ta Nsukka a kansa. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyi da alamomin Urhobo. Grillo ya daɗe yana jagorantar koyar da zane a kwalejin fasaha ta Yaba.

Har yau Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane-zane da sashen ƙirar masana'antu, inda ake koyar da girafik da yadi da tukwane. Amma aikin da waɗancan ɗalibai suka fara bai ƙare ba, musamman ta ɓangaren gadon ƙasar Hausa. Duk ƙa'idar da ke cikin manhajar share fage tana da misali a kusa da mu. Mai son ya koyar da daidaito da maimaici yana da zanen bangon gidaje na cikin birnin Zariya da Kano da Damagaram, yana da dagi, yana da aikin hula. Mai son ya koyar da tsarin da gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya amma bai karkace ba, ya shimfiɗa babbar riga mai aska takwas, ya nuna yadda aikin ya taru a wajen aljihu, sauran yadin ya huta. Mai koyar da haske da duhun launi ɗaya ya kai ɗalibai marinar Ƙofar Mata da ke Kano su ga yadda shuɗi yake ƙara duhu duk lokacin da aka sake tsoma yadi. Mai koyar da gini da sarari yana da bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19. Mai koyar da haruffa yana da rubutun alarammomi da zayyanar allon sauka, inda baƙi da ja da rawaya kowanne yake da aikinsa.

Tarihin Ladi Kwali ma hujja ce. A gida ta koyi ginin tukunya irin na Gbagyi, ta ƙware kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. A can ta koyi sabuwar dabarar gasawa da sheƙi, ta ɗora a kan abin da ta zo da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana kan takardar naira 20.

Hujjojin masu suka

Hujja ta farko ita ce kwamfuta ta sauƙaƙa komai. Gaskiya ne CorelDraw da Photoshop da Canva sun rage wahala, ƙirƙirarriyar basira kuma tana iya fitar da hoto goma cikin minti ɗaya. Amma idan hotuna goma suka fito, wani ne zai zaɓi ɗaya, ya san dalilin zaɓinsa, ya ga inda ya karkace ya gyara. Yadda na'ura ta ƙara sauri, haka darajar mai wannan ido ta ƙaru. Manhaja tana sauyawa duk bayan 'yan shekaru, wanda ita kaɗai ya koya sai ya sake sabon karatu. Sanin tazara da launi da fifiko kuwa ba ya tsufa. Wannan ba dalili ba ne na ɓoye wa ɗalibi kwamfuta har sai ya kai shekara ta uku. Ya kamata tun a zangon farko ya yi aiki da hannu, ya mayar da shi kwamfuta, ya buga, ya kwatanta. Ya san bambancin hoton da aka gina da ɗige-ɗige, wanda yake farfashewa idan an faɗaɗa shi, da wanda aka gina da layukan lissafi, wanda tambari yake buƙata don ya fito tsaf a kan kati da kan allon talla.

Ta biyu tsada ce, kuma ita ce mafi zafi. Takardar zane da fenti da burushi galibi daga waje ake shigo da su, ɗalibai da yawa kuma da ƙyar suke biyan kuɗin rajista. Aji ya cika, ɗakin zane ya yi kaɗan, wuta ba ta tsayawa. A irin wannan hali zaman gyara ne yake fara mutuwa, malam ya koma karɓar aiki yana ba da maki kawai. To amma mu tuna da jarida Albers ya koyar. Gawayi, tawadar allo, alƙalamin kara, yumɓun rafi, tsohon kwali, jar ƙasa, duk kayan aiki ne na ƙwarai. Abin da ba shi da madadi shi ne lokacin malam da yawan aikin ɗalibi.

Ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma tana hana yara da yawa shiga wannan fanni: batun zana abu mai rai. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kai, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke kan takarda, kuma fatawa tasu ce. Abin da ya dace sassan zane su yi shi ne su girmama damuwar iyaye da ɗalibai, su kuma bayyana musu cewa kaso mafi girma na karatun tushe, wato layi da launi da tsari da haruffa da ado, bai shafi wannan ba. Al'ummar Musulmi ta kai ƙololuwa a rubutun hannu da adon lissafi, ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya yana da fili mai faɗi.

Abin da ya rage a yi

Hukumomin da ke tsara manhaja, irin hukumar jami'o'i ta ƙasa da hukumar ilimin fasaha da ke Kaduna da ta kwalejojin ilimi, suna iya sa nazarin fasahar yankin da makaranta take ya zama wajibi tun daga zangon farko, ba darasin tarihi na haddacewa don jarrabawa ba, aikin hannu da ake fita a zana a auna. Sassan zane su riƙa gayyatar maɗinka da marina da magina da marubutan allo su shigo aji a matsayin malamai, a biya su haƙƙinsu. A rage yawan ɗaliban da malami ɗaya yake dubawa a ɗakin zane, ko da za a raba aji gida biyu. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin zane na aljihu, ya cika shi da kasuwa da tasha da ƙofar gari, a riƙa duba shi kamar yadda ake duba jarrabawa. Kafin ya gama shekara ta biyu kuma, a kai shi maɗaba'a ya ga yadda aikinsa yake komawa tawada a kan takarda.

Akwai aiki mai yawa da ke jiran waɗannan yara. Tun fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ake buga Hausa da boko a kai a kai, amma har yau salon rubutun kwamfuta da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa ake ganin waɗannan baƙaƙe sun fita daban a tsakiyar kalma, ko an bar su ba lanƙwasa. Ajami ma yana buƙatar masu zana masa haruffa irin hannun da muka saba gani. Littattafan yara na Hausa suna buƙatar hotuna, sanarwar asibiti tana buƙatar tsarin da wanda bai yi karatu ba zai fahimta, mai yin man gyaɗa da mai yin yaji suna buƙatar kwalin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kayan waje a kanti. Babu wanda zai yi mana waɗannan sai wanda ya san harshen, ya san mutanen, aka kuma horar da idonsa tun daga tushe. Saboda haka ya kamata makarantu su ba wannan zango ƙwararrun malamansu da isasshen lokaci, ɗalibai kuma su riƙe shi da hannu biyu.